Ina zan kai Umma ta ga ruwa da itatuwa, ga ciwon gwiwa?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙauyukan ƙasar nan. Ummata ta zo mini jego daga Kano, kuma tun da ta sauka a Manchesta ba ta ga komai ba sai bangon gida, asibiti, da shagon da muke sayen nama. Ina so kafin ta koma ta san cewa ƙasar nan tana da daji da ruwa masu kyau. Matsalar gwiwa ce. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana tafiya lafiya lau, amma hawa da gangara suna ba ta wahala, musamman gangara. Ga kuma jaririya a keke, ga Ikram mai guje-guje. Babansu ya nuna mini hotunan wani tsauni, wai Mam Tor, ya ce kowa cewa yake ba wuya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wurin da nake nema shi ne mai ruwa da itatuwa, in da hali a hango tuddan nan da ke yin fure shunayya, akwai ban-ɗaki kusa, kuma kada ya yi nisa.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Maman Ikram, Allah ya raya. Ku je Dovestone. Madatsar ruwa ce a gefen Greenfield, bayan Oldham kaɗan, daga tsakiyar Manchesta bai kai awa ɗaya a mota ba. Zagayen ruwan kilomita 4 ne, hanyar tana da faɗi, yawancinta an daddaɓe ta, keken jarirai yana bi. Akwai ɗan hawa a wani gefen amma ba mai tsanani ba, kuma akwai bencina. Tuddan da kike son gani su ne suka kewaye ruwan. Ku dai sammaka, don ranar Asabar da Lahadi in rana ta fito wurin ajiye mota cika yake tun da hantsi.

Baban Sadik:
Amin. Kafin komai, don Allah a cire Mam Tor daga lissafin Hajiya. Gaskiya ne daga wurin ajiye mota zuwa ƙololuwa ba nisa, shi ya sa ake cewa ba wuya. Amma hawa ne tsantsa a kan matakalar dutse, tsayin tsaunin mita 517, kuma a sama iska ba ta da abin da zai tare ta. Mai ciwon gwiwa zai iya daurewa ya hau, sai a wajen sauka ido ya raina fata. Keken jarirai kuwa ba ma a maganarsa.

Dovestone da ɗan'uwana ya faɗa yana da kyau, ban ja ba. Ni dai da uwata ce, Longshaw zan kai ta. A Sheffield nake, kuma wurin nan ya zame mini magani. Yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da filayen shaƙatawa, shiga a ƙafa kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Akwai ban-ɗaki mai tsafta da wurin shan shayi. Daga nan hanya ta miƙe cikin itatuwa har wani ɗan tafki da agwagi ke iyo, ba hawa ba sauka sai kaɗan. Abin da ya sa na fi son sa shi ne a ɗan taƙin da tsohuwa za ta iya takawa, za ta ga kurmi, ta ga ruwa, ta ga tumaki suna kiwo, sannan ta ɗaga kai ta hango tudun da ba itace ko ɗaya, sai duwatsu da wannan gajeren tsiron da suke kira heather. Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba ne yake fure, tudun gaba ɗaya ya rine, har ƙamshin zuma za ka riƙa ji in iska ta kaɗo. Kuna cikin lokacin yanzu.

In Hajiya ta ji ƙarfi, ku ƙarasa bakin ƙoramar Burbage, inda ciyawa take shimfiɗe yara suna tsoma ƙafa a ruwa. A nan za ku tsaya. Ƙasa da nan kwarin Padley ne. Ban taɓa ganin kurmi mai kyansa ba: tsofaffin itatuwan oak duk sun karkace, gansakuka ya lulluɓe duwatsu kore shar, ruwa yana gangarowa ruwan shayi saboda baƙar ƙasar da ya ratso. Amma hanyarsa saiwoyi ne da duwatsu masu santsi. Ta matasa ce.

Alhaji na Yawuri:
Salamu alaikum. 'Yata Maman Ikram, Allah ya raya mana. Ni ra'ayina daban ne, ku yi mini haƙuri. Baiwar Allah nan ta yi shekarunta tana wahala, ta zo ta huta ta ga jikarta. Mene ne na jan ta daji cikin sanyi da danshi? Mu da muka taso muna taka sayyada zuwa gona da kasuwa, tafiyar ƙasa ba shaƙatawa ba ce a wurinmu, dole ce ta sa. Bature ya wuni a zaune a ofis, shi ya sa yake neman tsaunin da zai hau. Ki kai ta manyan kantuna ta yi tsarabar 'yan'uwa, ki kai ta gidajen mutanenmu a gaisa, a ci tuwo. In ta zame ta karye a ƙasar mutane, me za ki ce wa dangi?

Na biyu kuma, na daɗe a ƙasar nan. Cikin gari ba wanda zai dube ka sau biyu. Ƙauye kuwa in ka shiga da hula ko hijabi, sai ka ji a jikinka cewa ana kallon ka. Ba na son tsohuwa ta ɗanɗana wannan.

Anti Nas:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar zamewa gaskiya ce, shi ya sa ake tantance wurin. Amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi tsorata ni game da iyayenmu da ke zuwa shi ne zaman. A gida tsohuwa tana fita tsakar gida, ta leƙa maƙwabta, ta je suna, ta je gaisuwa, rana tana dukan ta. A nan sai ta yi watanni daga kujera sai gado. Gwiwar da ke ciwo in ba a motsa ta ba ƙara sandarewa take, naman cinya ya saki, hawan jini da suga su samu wurin zama. Shawarar hukumar lafiya ta ƙasar nan ita ce babba ya samu minti 150 na motsa jiki a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana ciki. Ban ce a kai ta ta yi kilomita 4 rana ɗaya ba. Ta yi abin da za ta iya, ta zauna, a juyo. Sannu ba ta hana zuwa.

Maman Ikram:
Baba na gode, kuma na san don kulawa ka faɗa. Wallahi ita ce take tambaya. Kullum da safe sai ta tsaya a taga tana kallon itace guda ɗaya da ke bayan gidanmu, ta ce wai mutanen nan ba su da gonaki ne, ina suke kiwon shanun da ake samun madarar nan? 'Yar ƙauye ce ta asali, aure ne ya kawo ta birni. Kantuna mun je, ta gaji tun ba mu yi nisa ba, ta ce hayaniya da fitilu suna sa ta jiri.

Alhaji na Yawuri:
To in ita ta nema, ba ni da ta cewa a wannan. Amma maganata ta biyu tana nan.

Ummu Hafsa:
Ni karnuka ne suka hana ni irin wuraren nan. Mun taɓa zuwa bakin wani tafki, muna zaune muna cin abinci sai ga wani ƙaton kare a guje, jiƙe sharkaf, ya sa hanci a cikin kayanmu ya shinshina mini abaya. Mai shi tana daga nesa tana dariya tana cewa ba ya cizo. Ranar ban yi azahar ba sai da muka koma gida na canza kaya. Ku gaya wa Hajiya tun daga gida, kada ta firgita ta ce za ta gudu, a nan ne ake faɗuwa.

Malam:
Ummu Hafsa, Allah ya ba da lada a kan taka-tsantsan. Sai dai ina so in sauƙaƙa miki. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da yawunta da guminta, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don najasa ba. Maƙwabtanmu da ke bin wasu mazhabobin suna ganin yawun najasa ne, kuma muna girmama fahimtarsu. Amma ke da kin yi sallarki da wannan abayar, ta yi. Kada kare ya sa a fitar da salla daga lokacinta.

Ummu Hafsa:
Na gode Malam, na ƙaru. Amma ko ba najasa ni tsoronsu nake ji, kuma ba daidai ba ne mutum ya saki dabbarsa a kan mutane.

Baban Sadik:
Ba daidai ba ne, kuma doka tana bayanki. A filayen tudun nan da aka buɗe wa jama'a, wajibi ne kare ya kasance a ɗaure da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kuma a kowane lokaci in akwai dabbobin kiwo kusa. Shi ya sa inda tumaki suke, kamar Longshaw, za ki ga yawancin karnuka a hannun masu su. In ya nufo ki, ki tsaya cak, kada ki ɗaga hannu, ki ce wa mai shi ya kira abinsa. Yawancinsu suna ba da haƙuri.

Ɗalibi a Leeds:
Ina neman izinin Baba Alhaji in taɓa maganarsa ta biyu, don ta daɗe tana ci mini rai. Baba, filayen nan da muke magana a kansu, talakan Bature ma da can ba ya isa ya taka su. Masu ƙasa sun killace tuddan don harbin wani tsuntsu dangin makwarwa, sun zuba masu gadi da sanduna. Leburorin masana'antun Manchesta da Sheffield suna shaƙar hayaƙi duk mako, ranar Lahadi suna hango tudu amma an hana su hawa. Ranar 24 ga Afrilun 1932 sai ɗaruruwansu suka taru suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wani matashi Benny Rothman yana gaba. Aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, shi ma yana ciki. Iyayen Rothman Yahudawa ne 'yan ci-rani daga Romaniya, wato shi ma ɗan baƙi ne.

Daga irin wannan fafutukar aka samu dokar 1949, sannan a 1951 Peak District, yankin da Dovestone da Longshaw da Mam Tor suke ciki, ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya. A 2000 aka yi wata dokar da ta ba kowa damar yawo a kan tuddai da filayen da aka shata, ko da mallakar wani ne. Dokar ba ta ce sai fari ba, ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Hajiya da ta zo da bizar ziyara tana da haƙƙin bin wannan turbar daidai da wanda kakansa ya gina katangar da ke gefenta. In mun ƙi zuwa don kada a kalle mu, 'ya'yanmu da aka haifa a nan za su tashi suna ganin rabin ƙasarsu ba tasu ba ce.

Alhaji na Yawuri:
Ɗana, ka yi karatu, Allah ya yi albarka. Amma doka daban, zuciyar mutane daban. Doka ba ta hana a harare ka.

Bakanuwar Bradford:
Baba bai yi ƙarya ba. Ku tuna abin da ya faru da ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa. Ranar Kirsimetin 2021 suka fita su fiye da ɗari, a wannan Mam Tor ɗin ma, suka sa hotuna a Facebook, sai ga zagi da maganganun wariya, wai sun cika wuri, wai suna lalata hanya. Abin har ya shiga jaridu. Sai dai kuma mutanen da suka fito suka mara musu baya sun fi masu zagin yawa nesa ba kusa ba, kuma ƙungiyar ba ta fasa fita ba.

Ni da hijabina nake zuwa, har ƙasa. An taɓa yi mini kallon da na ji ba daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na fi gamuwa da shi gaisuwa ce. A kan turbar daji duk wanda kuka yi kiciɓis sai ya gaishe ka, abin da ba sa yi a cikin gari. Wata tsohuwa ta taɓa ganin ina neman inda zan shimfiɗa darduma ciyawa duk a jiƙe, ta nuna mini wani faffaɗan dutse busasshe a bayan katanga, ta ja karenta ta yi gaba don kada ya dame ni. Dovestone kuwa, saboda kusancinsa da Oldham, ranar hutu za ki ga masu hijabi da iyalansu ko'ina.

Ɗan Zazzau:
Tunda an ambaci salla: alƙibla daga nan kudu maso gabas take, manhajar waya tana nunawa ko ba sabis sosai. Ku yi alwala daga gida ko ku riƙe gorar ruwa. Ku sa leda a ƙarƙashin darduma.

Hajiya Ƙarama:
Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci Lake District, yankin tafkunan nan da ke arewa da Manchesta. In ana maganar ruwa ai can ne. Maman Ikram, akwai wani wuri Tarn Hows, tsakanin Coniston da Hawkshead. Zagayensa wajen kilomita 3, hanyar tsakuwa ce mai kyau, itatuwa sun kewaye ruwan, manyan tsaunuka suna can baya. Har keken lantarki irin na masu lalurar ƙafa National Trust suke bayarwa aro, sai dai a kira a kama tun kafin ranar. In Hajiya ta gaji da tafiya sai ta hau. Ko ku je Keswick ku bi bakin tafkin Derwentwater zuwa Friar's Crag, tafiya ce 'yar kaɗan a miƙe, ga bencina, ga jirgin ruwa da ke zagaya tafkin in tana so. UNESCO ba ta sa yankin nan cikin wuraren tarihi na duniya a 2017 a banza ba.

Anti Nas:
Hajiya Ƙarama, wurin ya yi, amma ki duba nisan. Daga Manchesta zuwa Tarn Hows wajen awa biyu ne, ƙarshen hanyar kuma siririya ce mai kwana-kwana. Mai jego, jaririya, da tsohuwa mai ciwon gwiwa a ƙudundune a bayan mota awa huɗu zuwa da dawowa? Kafin a isa gwiwar ta riƙe. A fara da na kusa. In ta ji daɗi, sai a shirya na nesa da kwana ɗaya a can.

Hajiya Ƙarama:
Na yarda da batun jego. Amma kada ta koma Kano ba ta ga tafki na Allah da Annabi ba. Dovestone dam ne, mutum ne ya gina.

Baban Sadik:
Duk wanda zai je ɗaya daga cikin yankunan biyu, ya nemi jerin hanyoyin da hukumomin gandun suke kira Miles without Stiles. Hanyoyi ne da aka tantance ba su da matakalar nan ta katako ko ta dutse da ake tsallaka shinge da ita. Wannan matakalar ita ce ke mayar da tsoho da mai zani baya, ko da hanyar a miƙe take. Kuma in kun je Keswick wani ya ce ku hau Catbells wai na yara ne, kada Hajiya ta bi. Kusa da sama sai an dafa dutse da hannu.

Wani wurin da ba a faɗa ba: Monsal Trail, kusa da Bakewell. Tsohon layin dogo ne da aka rufe a 1968 aka mayar hanyar ƙafa da keke, ya kai kilomita 13. Tunda jirgin ƙasa ne ya bi ta, ba ta da hawa. Ana ratsa ramukan da aka fasa cikin dutse, da rana fitilu a kunne. Illa dai masu keke suna wucewa da gudu, sai a riƙe hannun Ikram.

Sarkin Gashi:
To jama'a, tunda abin ya zama haka, me zai hana mu mai da shi fitar gida gaba ɗaya? Ni zan kawo nama da yaji da ƙuli, da ɗan murhun gawayi na yarwa. Mu yi wa Hajiya tsire a bakin ruwa ta san 'ya'yanta suna nan.

Ɗan Zazzau:
Yaya, niyyarka mai kyau ce, amma wallahi kada ka kawo wuta wurin nan. An hana a Dovestone, kuma ana cin tara. Ba ma tarar ce ta dame ni ba. Ƙasar da ke kan tuddan nan ba irin wadda muka sani ba ce. Ruɓaɓɓen tsiro ne da ya taru shekaru dubbai, in da danshi kana taka ta kamar katifar da ta sha ruwa, in ta bushe kuma ita kanta makamashi ce. Wuta tana shiga ƙarƙashinta ta yi ta ci ba a gani, a kashe nan ta ɓullo can. Ina nan a Yunin 2018 lokacin da tudun Saddleworth ya kama, wanda yake saman Dovestone ɗin nan. Makonni ana fama, har sojoji aka kawo, aka kwashe mutane daga gidajensu a Carrbrook, mu da ke cikin gari muna rufe taga saboda hayaƙi. A Afrilun 2019 kuma tudun Marsden ya ƙone, kuma wannan murhun gashi ne ya jawo shi, daidai lokacin da tsuntsaye ke kan ƙwai. Ƙasar da ta ƙone a yini guda, jikokinmu ma ba za su ga ta dawo yadda take ba.

Sannan ka tuna maganar Baba Alhaji. In wani ya yi, za a ce wane ne ya yi. In mu muka yi, cewa za a yi mutanen nan ne.

Sarkin Gashi:
Na ji, kuma na fasa murhu. Zan gasa a gida in naɗe a takarda in zuba a kula. Shayi kuma a filas.

Anti Nas:
Madalla. Ƙari biyu daga ɓangarena. Kada kowa ya bar yaro ya shiga ruwan dam, ko ana zafi. Ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi cikin daƙiƙu, kuma kusan kowace bazara sai an rasa matasa a irin wuraren nan. Na biyu kaska. Inda tumaki da barewa suke, tana maƙale a dogayen ciyayi. In kun dawo ku duba bayan gwiwa, ƙugu, da bayan kunnen yara. In an samu, a cire da hantsaki a hankali daga kusa da fata, ba a murɗawa ba a ƙonawa. In daga baya wani jan zobe ya fito a wurin ko zazzaɓi ya zo, a ga likita, don tana ɗauke da cutar Lyme.

Ɗalibi a Leeds:
Akwai kuma madatsar ruwan Ladybower, kan hanyar Manchesta zuwa Sheffield. In aka ajiye mota a Fairholmes, 'yar tafiya kaɗan ce cikin itatuwa zuwa gindin madatsar Derwent mai hasumiya biyu, wadda aka gama a 1916. In ruwa ya cika yana kwarara ta samanta, abin kallo ne. Matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya sun yi atisaye a kanta a 1943 kafin su kai hari madatsun Jamus. Ita Ladybower an gina ta tsakanin 1935 da 1943, kuma ƙauyuka biyu ne a ƙarƙashinta, Derwent da Ashopton. A 2018 da ruwa ya ja sosai, kufan Derwent ya fito, mutane suka yi ta tururuwa suna kallo.

Alhaji na Yawuri:
Ɗana, wannan maganar ta taɓa ni. Mu mutanen bakin Kwara mun san ta. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Bussa ta tafi ƙarƙashin ruwa, aka gina wa mutane sabuwa, ƙauyuka da yawa na ƙasarmu aka tashe su. Na taso ina jin tsofaffi suna nuna tsakiyar ruwa suna cewa can gonarmu take, can aka binne wane. Ban san Bature ma ya yi wa nasa haka ba. Ni ba zan iya zuwa kufan mutane in ɗauki hoto ina murmushi ba. Ina tambaya, kaburburansu fa? An bar su a ruwa?

Ɗalibi a Leeds:
A'a Baba. An tone waɗanda ke maƙabartar cocin Derwent aka sake binne su a ƙauyen Bamford, ƙasa da madatsar kaɗan. Wata tsohuwar gadar dutse ma an kwance ta, daga baya aka sake gina ta can saman kwarin. Hasumiyar cocin an bar ta tsaye da farko, tana leƙowa in ruwa ya ja, sai a 1947 aka rushe ta saboda mutane suna kasadar zuwa wurinta. Ruwan kuma shi ake sha a Derby da Nottingham da Leicester da Sheffield.

Alhaji na Yawuri:
To sun kyauta da suka kwashe mamatansu. Allah ya jiƙan namu.

Maman Ikram:
Amin Baba. Na karanta wa Umma duk abin da kuka rubuta. Ta ce wurin tumakin take so, don haka Longshaw za mu fara, Dovestone kuma wani makon in gwiwa ta yarda. Saura takalmi. Ba ta da komai sai silifas da wani mai tudu na zuwa biki, kuma ta ce ita ba za ta sa wando ba.

Bakanuwar Bradford:
Ba sai ta sa wando a waje ba. Ki saya mata dogon wando mai kama jiki ta sa a ciki, ta ɗaura zaninta a kai, ta ɗan ɗage shi ya tsaya a idon sawu don kada ya sha taɓo ko ya harɗe ta. Takalmi kambas mai kaushin ƙasa, ki ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Rigar ruwa mai hula ta fi lema, don iskar tudu juya lema take. Ki samo mata sanda, ta riƙe a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar da ta fi ciwo.

Baban Sadik:
Ku duba hasashen yanayi a daren da kuma da safen, na yankin kansa ba na Manchesta ba, don sama ta fi gari sanyi da iska. In da hali ku zo ranar aiki, wurin ya fi natsuwa. Duk ƙofar shingen da kuka samu a rufe ku rufe ta bayan kun wuce, wadda take buɗe ku bar ta, manomin ya san dalilinsa. In kun ga saniya da ɗan maraƙi ku ba ta hanya sosai. Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru nesa da titi, a kira 999 a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceto na tsauni ake so. Wanda zai zo ba mota daga Sheffield, bas mai lamba 272 yana tsayawa a Fox House, daga nan zuwa Longshaw tsallaka titi ne kawai. Ku sanar da ni ranar, ni da Maman Sadik za mu tarye ku a wurin ajiye mota, muna da kujerar naɗewa da Hajiya za ta riƙa hutawa a kai.

Sarkin Gashi:
Ku faɗi adadin mutane kafin Alhamis don in san kilo nawa zan saya. Motata tana da wurin mutum uku daga Cheetham Hill.